Ƙwaryar Saƙa da Arzikin Birnin Dabo

A farkon shekarar 1851, zamanin Sarkin Kano Usman ɗan Ibrahim Dabo, Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth, wanda ya ratsa ƙasashen nan da sunan Abdulkarim, ya sauka a cikin birni. Mutum ne mai son ƙididdiga, abin da duk ya gani a kasuwa sai ya tambayi kuɗinsa ya rubuta. Da ya zo haɗa lissafi sai ya tarar tufafi ne ginshiƙin arzikin garin. Ya ƙiyasta cewa abin da Kano ke saƙawa ta rina ta sayar waje a shekara ya kai na wuri miliyan 300, kuma Timbuktu kaɗai tana karɓar kayan raƙumi 300, na kimanin wuri miliyan 60. Don a gane nauyin kuɗin, ya ce wuri 50,000 zuwa 60,000 sun ishi magidanci da iyalinsa shekara guda cur, har da suturarsu. Ke nan kuɗin tufafin nan ya isa ya riƙe gida 5,000 zuwa 6,000 ba tare da kowa ya taɓa fartanya ba.

Ya bi sawun tufar Kano ya same ta a Murzuk da Ghat da Tarabulus ta arewa, a Borno ta gabas, a Adamawa ta kudu maso gabas, ta yamma kuwa har bakin tekun Atlantika. Shekara 40 bayansa Bafaranshe Monteil ya zo ya ce Kano ce ke tufatar da kashi biyu cikin uku na ƙasar Sudan, wato yankin kudu da Sahara, da kusan duk tsakiya da gabashin Sahara. Ko da an rage wani abu saboda zuzutawar baƙo, abin da ya rage ba kaɗan ba ne.

Duk wannan suna a kan abu siriri ya tsaya. Masaƙin Kano ba ya saƙa yadi mai faɗi. Ƙwarya yake saƙawa, doguwa, wadda faɗinta yawanci bai wuce tafin hannu ba, ta turkuɗi ma ba ta kai faɗin yatsa biyu ba, tana cikin mafi sirantaka a duk Afirka ta Yamma. Sai an yanka ta tsayi-tsayi an harhaɗa da allura, gefe da gefe, kafin ta zama riga ko rawani ko zane. Babbar riga guda takan ci ƙwarya gommai, kowace kuma sai da wani ya zauna ya jefa mata ƙoshiya sau dubbai.

Sana'ar ta girmi Kano ta Rumfa. A kogunan Bandiagara na ƙasar Mali an tono tufafin mutanen Tellem da aka ɗinka da irin wannan ƙwarya tun ƙarni na 11, a ƙarnin da al-Bakri ya rubuta cewa mutanen Silla, a bakin kogin Senegal, da ƙyallen auduga suke ciniki a maimakon kuɗi. Barebari ma sun daɗe suna saye da sayarwa da gabaga. A Kano, tarihin sarakuna ya kawo zuwan Wangarawa daga Mali a zamanin Sarki Yaji, tsakanin 1349 da 1385, da addini da fatauci da sabon matsayin sutura, domin mai salla da mai zuwa masallacin Juma'a da mamacin da za a yi wa likkafani duk tufa suke nema. Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa Kasuwar Kurmi, kuma marinan Ƙofar Mata suna kai asalin rijiyoyinsu zuwa 1498, ƙarshen zamaninsa. A farkon ƙarni na 16 Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya ambaci yalwar auduga a ƙasar Kano da gwanintar masu sana'arta.

Abin da ya sa saƙa ta bazu haka shi ne sauƙin shigarta. Masaƙar maza 'yan sanduna ce da mutum zai sara a bayan gari ya kafa a gindin bishiya ko ƙarƙashin rumfa. Kayan da ke bukatar gwani kaɗan ne: allera biyu da ke ɗaga zare su sauke, matsefi na tsinke mai danne saƙa, da ƙoshiya mai kamar ƙaramin kwalekwale wadda ƙwarƙwaro ke juyawa a cikinta. Idan hadari ya taso ko rana ta faɗi, masaƙi ya kwance abinsa ya naɗe ya saɓa a kafaɗa. Jarin da ake bukata bai kai na jaki ba. Shi ya sa manomi ke iya zama masaƙi da rani, ya koma gona da saukar damina, shi ya sa kuma baƙon da ya zo daga Nufe ko Borno da allerarsa a cikin jaka yake iya kama aiki a makon da ya sauka.

Yaro ba ya fara koyo da zama a kan masaƙa. Yana ɗan shekara bakwai ko takwas, bayan an tashi daga makarantar allo, aikinsa naɗa zare a ƙwarƙwaro, ya miƙa wa uba ko yaya ko maigidan da aka kai shi wurinsa. A nan hannunsa ke sanin zare, wanda zai ɗauki ja da wanda zai tsinke. Daga nan sai wadari, wanda shi ne lissafin sana'ar: a kafa turaku a fili, yaro ya riƙa kai da komo da zare a tsakaninsu yana ƙirga sili, kaza fari, kaza baƙi, kaza fari. Adon da za a gani a jikin riga a nan ake yanke shi, tun ba a jefa ƙoshiya ko sau ɗaya ba. Wanda ya ɓata ƙirga a wadari, kuskurensa zai bi ƙwaryar daga farkonta har ƙarshe, kuma dillali zai gani.

Sai an ga hankalinsa ya zauna ake barinsa ya hau. Zaren tsaye yana miƙe a gabansa taku goma ko fiye, ƙarshensa a ɗaure jikin kunkuru, wani ɗan katako da ake ɗora wa dutse don zare ya yi tauri. Igiyoyin allera suna maƙale a yatsun ƙafarsa. Ya taka dama, zare ya buɗe baki, ya jefa ƙoshiya, ya jawo matsefi ya buga. Ya taka hagu, ya maido ta. Abin da ya saƙu ya naɗe shi a sandar da ke kan cinyarsa, kunkuru kuma yana matsowa a hankali har ya iso, a warware wani zaren a mai da shi baya. Fari zalla ake fara ba shi, don ba shi da ƙirga. Wahalar koyo a gefe take. Sabon hannu yakan ja abawa da ƙarfi nan, ya sake ta can, ƙwarya ta fito da ƙugu kamar gora, kuma ƙwaryar da gefenta bai miƙe ba maɗinki ba zai iya haɗa ta da 'yar'uwarta ba. Wata biyu ko uku sun isa yaro ya iya motsin. Miƙewar gefe da daidaiton bugu kuwa sukan ci shekaru, daga nan ne ake sakar masa saƙi mai zanen zabo, ko barage mai ratsin alharini, ko tsamiya.

Wannan rabin labarin ne, rabin da ake gani a waje. Ɗaya rabin yana cikin gida, a hannun mata, kuma shi ya fi cin lokaci. Kafin masaƙi ya sami abin jefawa, sai mace ta gurza auduga da ɗan ƙarfe a kan magurji ta fitar da angurya, ta shiɓe ta har ta yi laushi, ta yi sutu, sannan ta zauna da mazari da gululu da alli a yatsa tana kaɗi. Zaren tsaye dole ya murɗu sosai ya yi ƙarfi, abawa kuwa a bar ta da taushi. Masaƙi mai sauri yana cinye kaɗin mata da yawa, don haka kusan kowane gida a birni da ƙauye, daga na talaka har na sarauta, akwai mazari a cikinsa. Kuɗin zaren na mai kaɗin ne, ba na mijinta ba. Da shi take biki, da shi take tara wa 'yarta kayan ɗaki. Yarinya kan fara da gurza da shiɓa kamar yadda ɗan'uwanta ke farawa da ƙwarƙwaro. Mata suna da tasu masaƙar ma, a tsaye, jingine da bango, mai fitar da ƙyalle mai faɗi da ake zane da gwado da majanyin goyo da shi, ba tare da matar kulle ta taka ƙofar gida ba.

Barth ya yaba da cewa masana'antar Kano ba ta tara mutane a manyan gidajen aiki irin na Turai ba, kowa yana sana'arsa a cikin iyalinsa. Ya faɗi gaskiya, amma bai faɗe ta duka ba. Auduga da baban da suka ciyar da wannan kasuwa, da yawansu bayi ne suka noma su a rinjin sarakuna da attajirai, irin waɗanda suka kewaye Fanisau, kuma cikin gwanayen saƙa da ɗinki da suka ɗaga darajar tufar Kano a ƙarni na 19 akwai waɗanda yaƙi ya kawo daga Nufe da ƙasar Yarbawa ba da son ransu ba. Wasu kuma da ƙafarsu suka zo neman kasuwa. Sunayen unguwanni irin Tudun Nufawa da Ayagi suna riƙe da tarihin zuwan mutanen kudu cikin birni.

Yawancin saƙar ma ba a cikin ganuwa ake yin ta ba. Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, ya nuna a bincikensa na 1975 cewa ƙarfin sana'ar yana garuruwan karkara, musamman na kudu da birni irin su Kura da Bunkure, inda ƙasa ke karɓar baba. Ya kuma nuna yadda laso, simintin gargajiya da ake haɗawa da ƙonannen katsin rijiyar rini, ya ba marina damar barin tukwane su gina rijiyoyi masu zurfi da ke ɗaukar kaya da yawa a kan kuɗi kaɗan. Birni shi ne kan ciniki. Nan ake kawo ƙwarya a naɗe kamar faifai, nan maɗinka suke, har unguwa guda ta amsa sunan Soron Ɗinki, nan malamai da almajirai ke zama a zaure suna fitar da aska biyu da aska takwas a ƙirjin riga, nan fatoma ke saukar da baƙo ya haɗa shi da dillali a Kurmi. Rini ma birni bai bar wa ƙauye ba: Barth ya ce akwai rijiyoyi fiye da 2,000 a garin, kowace ana biya mata kuɗin karofi wuri 700.

Mataki na ƙarshe shi ne bugu. Clapperton, Baturen Birtaniya da ya zo a 1824, ya ga yadda ake shimfiɗa rinanniyar tufa a kan gungume ana dukanta da tabaren itace har ta ɗauki ƙyalli. Ga turkuɗi da kore da rawani ɗan Kura, har garin shuni ake barbaɗawa a buge shi ya shige zare, tufa ta fito tana walƙiya tsakanin baƙi da ja, tana zuba a jikin mai sawa. Wannan zubar da wani zai kira aibi ita Buzaye ke biya da tsada. Ayarin Abzinawa ya kawo gishirin Bilma ya koma da turkuɗi. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ɗora tufa a jakuna zuwa Gwanja su dawo da goro. Larabawan Gadamas da ke zaune a Ɗandalin Turawa su kawo alharini, wanda ragowar siliki ne na masaƙun Turai da aka rina ja, masaƙan nan su mai da shi ratsin rigar sarakuna.

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairun 1903 da wani buri a zuciya. Shekara guda kafin nan masu masaƙun Lancashire sun kafa ƙungiyar noman auduga ta BCGA, suna neman inda za su sami auduga ba tare da dogaro da Amurka ba, kuma an gaya musu ƙasar Hausa ce amsar. Wannan fata na cikin manyan dalilan da suka sa aka ja layin dogo har Kano, ya iso a 1911, aka buɗe shi ga kaya a 1912. Lissafin mai sauƙi ne a takarda: jirgi ya kwashi auduga ya kai Ingila, ya dawo da yadi, masaƙin gida ya ajiye ƙoshiya. Sai dai ƙungiyar ta tsaya a kan kimanin kwabo ɗaya a laba, masu saya wa mata da masaƙa kuwa suna biyan fiye da haka a kasuwannin ƙauye, saboda sun san abin da turkuɗi zai kawo a Agadas. Audugar Kano ta ƙi hawa jirgi. Manoma suka duba suka ga gyaɗa ta fi riba, ga shi idan kasuwa ta faɗi ana iya cinye ta, sai suka cika tashar da buhunanta har jirgi ya kasa kwashewa. Dalar gyaɗa da arzikin su Alhassan Ɗantata, ta wata fuska, 'ya'yan taurin kan mazari ne. Audugar fitarwa sai a ƙasar Zariya da kudancin Katsina ta kama sosai.

Turawan da kansu sun san darajar abin. Makarantar da Hanns Vischer, Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa a 1909 tana da sashen sana'o'in hannu, inda gwanayen gari ke koyar da yara.

Faɗuwar a hankali ta zo, kuma ta wajen zare ta fara. Zaren inji ya shigo da araha, ga santsi, ga ba ya tsinkewa, masaƙi ya karɓe shi da murna, mai kaɗi ta rasa mai saye. Akoko da alawayyo suka ƙwace kasuwar fari, atamfa ta shiga akwatin amare, shadda ta hau jikin attajirai. Shunin kanti, wanda kamfanin BASF na Jamus ya fara sayarwa a 1897, ya rage wa baba daraja. Yaran da dā za su zauna naɗin ƙwarƙwaro suka tafi makarantar boko ko kanti. A 1957 aka buɗe masaƙar zamani ta Kaduna, wasu suka biyo baya a Bompai da Sharaɗa da Challawa, suka ɗauki dubban ma'aikata, su ma daga baya rashin wuta da tsadar kayan gyara da yadin Sin suka rufe yawancinsu. Yau Kantin Kwari na cikin manyan kasuwannin tufafi na Afirka ta Yamma, fatake na zuwa daga Nijar da Chadi da Kamaru kamar yadda kakanninsu suka zo Kurmi, amma abin da suke saya mafi yawansa a jirgin ruwa ya zo.

Wani abin sha'awa shi ne saƙar siririn ƙyalle ta dawo hannun matasan duniya ta wata ƙofa, a matsayin abin ɗebe kewa. Wanda ya nemi koyon saƙa a YouTube zai yi ta cin karo da saƙar kati. Katuna ne masu kusurwa huɗu, kowace kusurwa da huda, a zura zare ɗaya a kowace huda, a jera katunan kamar goma ko ashirin, a ɗaure bakin zaren a ƙugu, ɗaya bakin a jikin ƙofa ko turke. Idan aka juya katunan rubu'in zagaye, wasu zaruruwa su hau wasu su sauka, a wuce da abawa a danne, a sake juyawa. Katin shi ne allera, shi ne mataki. Da yake zaruruwa huɗun kowane kati suna murɗewa da juna kamar igiya, abin da ke fitowa yana da kauri da ƙarfi, irin wanda ya dace da ɗamara, hamilar takobi, maratayin jaka ko majayin doki, ba irin wanda za a harhaɗa a yi riga ba.

Ita ma tsohuwar sana'a ce. An sami irin saƙarta a ramukan gishirin Hallstatt na Ostiriya tun kafin haihuwar Annabi Isa, kuma a jirgin ruwan Oseberg da aka binne a Norwe a shekarar 834 an tarar da katunan itace 52 da zarensu a jiki, aikin bai ƙare ba. A Afirka, Habashawan Gondar sun kai ta inda ba wanda ya kai: a ƙarni na 18 sun saƙa manyan labulen coci na siliki da ɗaruruwan katuna, ɗaya yana Gidan Tarihin Birtaniya tun bayan da sojan Ingila suka washe Maƙdala a 1868, wani yana Toronto.

Ɗan Kano ko 'yar Kano da suka yanka kwali suka huda don gwada wannan, za su ci karo da darussan da yaron masaƙa ya sha: ƙirgar sili kafin a fara, taurin zare, da gefen da ya ƙi miƙewa. Sun fi shi sauƙi ta wajen zare, don ƙulli guda na kanti ya ɗauke musu aikin da dā ke cin mace kwana da kwanaki. Ya fi su ta wajen malami, domin allon waya ba ya kama hannun mutum ya nuna masa inda ya ja da yawa. Kasuwa kuwa tana nan ga mai so: garin da ke hawan Sallah sau biyu a shekara, da ɗaruruwan dawaki da mahaya masu neman ado, bai rasa masu sayen ɗamara da hamila ba.

A cikin birni, rijiyoyin Ƙofar Mata da suka rage suna aiki, kodayake yawancin abin da ake tsomawa yadin inji ne da mata suka ƙulle a gida, masu saye kuma baƙi ne da masu neman tsaraba. Gidan Makama yana ajiye da tsofaffin riguna da kayan sana'a ga mai son gani. Wanda ke son ya ga ƙwaryar turkuɗi a kan allera sai ya kama hanyar Zariya zuwa Kura, tafiyar kilomita talatin da 'yan kai, inda har yanzu ake rini da bugu, masaƙan ƙauyukan kewaye na kawo ƙwarya, 'yan kasuwa kuma na ɗaure rawunan a takarda su tura wa Buzayen Nijar da Mali.